Tashar da Kaka ta bar ka

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gajiya, ya iyali, ya ciwon ƙafar? Mu nan unguwar Utaibiyya a ƙasa mai tsarki alhamdulillah, sai dai Kaka ba daɗi.

Jiya na ci karo da bidiyon tashar jirgin ƙasa ta garinku a waya. Mai bidiyon ya ce Turawa suka gina ta don kwasar gyaɗa, yanzu jirgi ya daina zuwa. Da murnata na kai wa Kaka. Wallahi Kawu rufin ya zube, awaki ne kwance a ɗakin tikiti!

Ta daɗe tana kallo. Ta nuna min wata tsamiya, ta ce a gindinta ta miƙa ka ga kakarka kana ƙarami, ta ce maka daga Hajji za ta dawo, ga shi har yau ba ta dawo ba. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, in na samu takardar komawa gida, a ina zan sauka?" Tun lokacin ko shayi ta ƙi sha.

Don Allah Kawu ka je gindin tsamiyar nan, a ɗauke ka bidiyo ka turo min. Don ta ga cewa ko jirgi ba ya zuwa, akwai mai jiran ta.

A sa mu a addu'a. Umma na gaishe ka, a gaida su Inna Ladi.

'Yarka,
Ruƙayya