Ƙanena Ya Zama Ogana

Mama,

Gaisuwa daga Gambiya. Yaya ƙafar taki? Ya Baba? An girbe dawar kuwa?

Labarin da ya iso Zuru gaskiya ne: an turo autanki Irimiya bataliyarmu. Shi laftana, ni kofur, wato ni ne juniyansa. Yaron da na goya zuwa firamare, yau ni nake sara masa! Ranar farko hannuna ya yi nauyi, ba na ɓoye miki. Amma bayan fareti ya biyo ni ɗaki, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina kwana?"

Ki daina damuwa, Ubangiji yana tsaronmu. A aiko mana da yaji. Ki kuma ajiye wa laftana tsintsiyarsa. Ranar Kirsimeti shi zai share tsakar gida.

Ɗanki,
Kefas