Hannun da Ke Kafaɗar Kakanku

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne ubanku, wanda garin nan ya sani da Mai Hoto, nake rubuta wannan da hannuna yau Laraba da hantsi, a kan teburin shago. Hankalina na nan garau, ban ruɗe ba, babu kuma wanda ya tsaya a kaina yana faɗa mini abin da zan rubuta. Ƙafafu ne suka gaza, numfashi kuma ya fara yi mini rowa. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, amma na shekara arba'in da biyar ina kallon fuskokin mutane ta cikin gilashi, na san fuskar mai ɓoye magana. Saboda haka ku ukun, kai Babban Yaya, ke Malama, da kai Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Na ce wuri ɗaya. Kada Malama ta ɗauki hoton takardar a waya ta tura wa kowa nasa. Kuma wannan wasiyya ba ta jiran likkafani, yau za a karanta ta.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya ce, ba ni da ta cewa a nan. Kayan aiki kuwa na ba da su kyauta tun ina numfashi. Babbar kyamara mai ƙafa uku ta Auta ce, don shi kaɗai ya taɓa tambayata yadda ake saita ta. Agogon bango da kujerar katako da kowa ke zama a ɗauke shi hoto na Babban Yaya ne. Kujerar kakanku ne ya sassaƙa ta, ba ta taɓa ƙara ba sai ranar da matar mai niƙa ta zauna da jikokinta uku a cinya.

Na biyu. Akwatunan ƙarfe bakwai da ke ɗakin wanke hoto na Malama ne, saboda ita ce mai haƙuri a cikinku. Kada a sayar wa mai gwangwan, kada a ƙona, kada a ajiye inda ruwa ke zuba. Ku kuna ganin tarkacen tsohon fim ne, amma garin nan ne kwance a ciki. Akwai ranar da aka fara kunna wutar lantarki, mai aski ya jefar da aska ya ruga waje da kan mutum rabi a aske. Akwai kwale-kwalen da ke ƙetarar da mu kafin a yi gada, da mai tuƙa shi wanda ya daina gaisawa da kowa bayan an buɗe gadar. Akwai tsohuwar kasuwa kafin gobara, da layin mata a bakin rijiya kafin famfo, da sinimar da ba ta da rufi, wadda in ruwa ya sauko ake kallo da buhu a ka. Malama, ki ɗauki hotunan ki kai wa tsohuwar ungozoma da mai gyaran agogo, su biyun ne suka rage da suka san kowa da ubansa. Ki zauna su faɗa miki, ki rubuta a bayan kowane hoto da fensir. Ki yi sauri, don su ma ba yara ba ne.

Na uku. A ƙarƙashin tebur akwai gwangwanin biskit cike da hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ban taɓa yar da ko ɗaya ba. A nemi 'ya'yansu ko jikokinsu a miƙa musu. Wanda ke sama na wata mai sayar da itace ne da ta zo da zanen aro, ta zauna kamar za a yi mata allura, daga ranar ban sake ganinta ba. Watan jiya a asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta sunkuyo tana neman jijiya a hannuna, na ga goshin nan da wushiryar nan. Na tambaye ta, ashe jikarta ce, kuma ba ta taɓa ganin fuskar kakarta ba. Da ita za a fara.

Na huɗu. Wannan shi ne dalilin rubutun duka, sauran rakiya suka yi masa.

Kun san hoton da ke rataye a falo. Kakanku na zaune a kujerar nan, ni ina tsaye a damansa, a hagunsa kuma akwai wani dishi-dishi kamar hayaƙi. A kafaɗarsa ta hagu akwai yatsu huɗu. Malama tana da shekara bakwai ta tambaye ni hannun wane ne, na ce mata ninkin riga ne. Ƙarya na yi miki, 'yata. Hannun baffanku ne, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, maginin nan da ke bayan tasha, wanda na hana ku gaishe shi shekara talatin da uku.

Ga yadda aka yi. Shekara ɗaya bayan rasuwar kakanku aka zo shimfiɗa kwalta. Masu awo suka bi layinmu suna shafa jan fenti a bango, har da shagon kafintan da mahaifinmu ya ƙare rayuwarsa a ciki. Ranar rusau na hau rufin gidan waya da ke tsallake, don in ɗauki layin gaba ɗaya kafin ya ɓace. Daga can mutane ƙanana suke kamar tururuwa. Amma na gane tafiyar ƙanena. Na gan shi a kan rufin shagon ubanmu, da hular ma'aikatan kwangila a kansa. Zuciya ta ɗebe ni. Na ƙarasa ɗaukar hotuna goma sha biyun da ke cikin fim ɗin ban ma san me nake ɗauka ba, na sauko.

Na shiga ɗakin wanki na ƙara wa hoton farko girma. Ga shi nan, ya ɗaga guduma a kan allon da ke ɗauke da sunan ubanmu, bakinsa a buɗe kamar mai dariya. Ban duba sauran goma sha ɗayan ba. Me zan duba? A sana'armu muna cewa hoto ba ya ƙarya, ni kuwa na yarda da wannan fiye da yadda na yarda da ɗan'uwana. Na manna hoton a tagar shago wata guda cur, duk mai wucewa ya tsaya ya girgiza kai. Sannan na ɗauko fim ɗin hotonmu da mahaifinmu, na sa reza na kankare ƙanena tun daga hula har takalmi. Hannun ne kawai ya gagare ni, don in na taɓa shi sai na ɓata kafaɗar tsoho. Wanda na wanke da farko, mai ɗauke da mu ukun, na yayyaga shi.

Sau biyu ya zo shago. Duk biyun na shige ɗakin wanki na sa sakata, na ɗaga murya na ce in na buɗe haske zai lalata mini aiki. A karo na biyu ya daɗe a tsaye. Ina jin numfashinsa ta jikin katako. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, in ka gama ina nan." Bai sake zuwa ba.

Washegarin rusau na tarar da ƙyauren shagon ubanmu a jingine a bangon shagona, da allon sunan a ɗaure a jikinsa. Shi ne ƙyauren da kuke turawa kullum in za ku shigo. Na ɗauka shugaban ma'aikata ne ya yi mini kara. Har gida na bi shi na yi godiya, na ɗauke shi hoto kyauta da shi da matarsa. Mutumin nan ya karɓi godiyar ya gyara hula. Allah ya jiƙansa, amma ya iya cin bulus.

Shekara takwas da suka wuce, da wayoyi suka kashe mana kasuwa, zaman banza ya sa na fara wanke tsofaffin fina-finan da ban taɓa dubawa ba. Na kai kan na ranar rusau. A hoto na biyu ƙanena yana sauke allon da igiya a hankali, ashe ƙusa yake cirewa da gudumar. A na biyar yana jera katakan rufi a gefe. A na tara yana tsaye gaban katafila ya ɗaga hannu, direban ya dafe kai yana jiransa. A na goma sha biyu, can a kusurwa, inda ban ma nufa da kyamara ba, ga mutum ya sunkuya da ƙyaure a bayansa ya nufi layin shagona. Na koma kan na farko na ƙura masa ido. Ni da na yi rayuwata ina cewa mutane su yi murmushi, na kasa bambance bakin mai dariya da na mai kuka. Daga baya mai gyaran agogo ya gaya mini ƙanena roƙo ya yi a ɗauke shi aikin yini ɗaya, don kada baƙi su bi ta kan shagon da katafila. Na ce me ya hana ka faɗa mini tun lokacin? Ya ce, "Ka taɓa bari wani ya kai ƙarshen magana in an ambaci sunansa?"

Kada ku ce da na gane sai na ruga. Ban je ba. Shekara takwas na sani, kuma ban je ba. Mahaifiyarku tana kan gadon da ba ta tashi ba ta ce mini, "Malam, taurin kan nan naka ba za a binne shi da kai ba, yara za ka bar wa." Sau uku na kai har tasha, in na hango rufin gidansa sai in sayi sabulu in juyo. Kunya ce da girman kai, ba wani abu ba. Ina jin zafin wannan fiye da ciwon da ke ƙirjina.

Yanzu na ji idanunsa sun fara yana. Ina so ya ga hotuna goma sha ɗayan nan tun yana gani, ya san na gani. Suna cikin farin ambulan a aljihun tebur. Hoton falo kuma a sauke a kai masa, nasa ne. Shi kaɗai ne hoton mahaifinmu a duniya, na bar ƙanena shekara talatin da uku ba shi da fuskar ubansa. Abin da reza ta kankare ba ya dawowa, na gwada duk dabarar da na sani. Yatsu huɗun nan ne kawai zan iya mayar masa.

Na biyar. Babban Yaya da Auta, wata goma ke nan ba ku magana, kun mai da 'yar'uwarku ɗan aike. Kuna zaton ban sani ba don ina jinya. Babban Yaya, wani ya turo maka hoton Auta zaune a ƙofar shago da dillalin filaye, shi ke nan ka yanke hukunci yana shirin sayar da shagon a bayan idonka. Ranar da ka miƙo mini wayarka in ga jikana, na ga hoton da kuka ɗauka ku uku a tsakar gida. Ka yanke ƙanenka, amma ka bar gefen kunnensa. Da na ga kunnen nan sai da na juya fuska bango. Ban san me Auta ya tattauna da dillali ba, ban kuma tambaye shi ba, don ba ni ne zan tambaya ba. Kai za ka tambaye shi, da bakinka, ka kuma bari ya kai ƙarshen magana. Kai kuma Auta, ka daina wannan shirun na wai ai ya kamata a san halinka. Baffanka ya yi irin wannan shiru, ga inda ya kai mu.

Na shida. Shagon in kun ga dama ku riƙe, in kun ga dama ku sayar, amma sai da yardar ku uku a zaune. Kafin a sayar a cire ƙyauren a kai wa baffanku. Shi ya ɗauko shi a bayansa, wannan karon Babban Yaya da Auta za ku ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya, ba a mota ba. Rezar tana nan a aljihun tebur kusa da ambulan, a naɗe a takarda. A jefa ta inda ba wanda zai tsinta.

Na bakwai. Ranar Asabar da safe, Babban Yaya zai zo da mota, shi da Auta su ciccibe ni su kai ni bayan tasha. Kada a ce sai na ji sauƙi, kada a ce likita ya hana. Ni zan yi sallama da kaina, in ya ƙi buɗewa in zauna a ƙofa, ya fi ni haƙƙin sa sakata. In ya buɗe, a taho da kujerar kakanku da babbar kyamara, akwai sauran fim ɗaya da na ɓoye. Shi zai zauna a kujera, ni in tsaya a hagunsa ko da kuna riƙe da ni, in ɗora hannuna a kafaɗarsa. In kuwa Allah bai kai ni Asabar ba, kada a fasa, kada a ɗaga. Ku je ku uku, ku karanta masa na huɗu daga farko har ƙarshe, ku ce yayansa ya gama, ya fito. Sannan Babban Yaya ya tsaya inda ya kamata in tsaya.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini baffan da na hana ku. Allah ya haɗa kanku, ya tsare ku daga gadon halina.

Auta, in ka saita kyamara ka kira mai gyaran agogo ya danna, hannunsa ba ya rawa, kai ka ruga ka tsaya kusa da yayanka. Ku ja ta baya sosai har kowa ya shiga. In akwai wanda ya rage a gefe, kada a danna.

Ubanku,
Mai Hoto