Littafin da Ya Kwance Harshen Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma nan lafiya lau, maigidana ya warware har ya koma aiki.

Littafin da ka aiko wa Baba ya iso, na jirgin nan da ya kwashi mutane zuwa wata duniya, wanda ka ce ko'ina rububinsa ake yi. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya faɗin komai sai to da a'a, har likita ya ce in bai riƙa yunƙurin magana ba, harshen ya tafi ke nan. Sai babbar 'yata ta ɗauki nauyin karatun. Kullum in ta dawo daga makaranta za ta jawo kujera gaban gadonsa ta karanta masa, ko sau ɗaya ba ta gaji ba. Wallahi yarinyar nan ta fitar da ni kunya.

Amma kada in ɓoye maka, littafin bai burge shi ba. Ana ta ƙera injuna ana yaƙi da halittu masu ido uku, shi kuwa sai taɓe baki yake yi. Ranar da ta rufe shafin ƙarshe, sai ya daki katifa da lafiyayyen hannunsa. Kalma na fita da ƙyar, ya ce ashe holoƙo ne, hadarin kaka. Ya ce jarumin nan ba ɗan kirki ba ne, ya bar tsohonsa tsaye a ƙofar gida tun babin farko, ya yi ta hira da na'urori har ƙarshe, bai taɓa tambayar lafiyarsa ba. Kofin da ke hannuna ya suɓuce, na yi ta kuka ina dariya. Baban da muka fidda rai da muryarsa, ga shi yana yi wa marubuci faɗa! Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Lalle wani hanin ga Allah baiwa ne.

Ka gaishe mini da matarka da tagwayenka. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Baba kuma ya ce in faɗa maka kada ka ƙara aiko littafi, ka zo da ƙafarka, yanzu yana da bakin amsa gaisuwarka.

Taka har kullum,
Yayarka