An Jawo Motar Yayanki Daga Ruwa

'Yata,

Yayanki bai gudu ba! Mun same shi. A hanyarsa ta dawowa gida Allah ya karɓi abinsa, kuma ɗansa ne da hannunsa ya jawo shi daga ruwa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, don ni ma sai da na zauna daɓas a ƙasa.

Ki gafarce ni, na faɗo miki da labari ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata da kika sani, da idon Innarki da ke ƙara dushewa. Na ɗauki waya zan kira ki, na ga in na ji muryarki bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, hannun da ya koyi rubutu bayan furfura ne.

Ba sai na tuna miki ranar ba. Ya fita da 'yar a-kori-kurarsa ana tsakiyar damina, matarsa na da tsohon ciki, ya ce zai shiga gari ya dawo kafin yamma. Mun nema har ƙafa ta gaji. Daga nan bakin mutane ya buɗe: wannan ya gan shi a wata tasha, wancan ya ji ya yi aure a nesa, wani ya ce ai dama nauyin gida ne ya ishe shi. Innarki kuwa magana ɗaya ta riƙe sama da shekara ashirin, cewa wanda ya yi niyyar gudu ba ya barin bargonsa, ga na ɗanta nan a ninke kan gado. Kowace damina sai ta wanke shi ta shanya. Tana cewa in hadari ya haɗu tana jin fitonsa a bakin ƙofa, irin wanda yake yi in ya dawo, mu kuma sai mu kalli juna. Ni ma kin san abin da ya kai ni ajin yamma da tsufana: ina so duk motar da ta wuce in iya karanta lambarta da kaina.

Ɗansa ya tashi da waɗannan maganganu a kunnensa. Ban taɓa jin ya ce Baba ba, sai dai "mutumin nan". Yanzu ya zama gandamemen namiji, yana da tasa a-kori-kurar mai jan ƙafa huɗu, kuma sana'arsa fitar da motocin da suka maƙale a hanyoyin gona. Ni Sarkin Taɓo nake kiransa, shi kuma yana ce mini karen mota mai furfura, don ba ya tayar da mota ban ɗare gaba ba.

Bara ya samo wani injin ja na gwanjo, wanda suke kira winci. Kamar ƙaton kwarkwaron tela yake, sai dai maimakon zare igiyar ƙarfe ce naɗe a jiki, da ƙugiya a bakinta. A tsakar gida aka ɗaura shi, ina zaune ina kallo. Mai walda ya ce a bari ya manna shi a bamba a huta. Sarkin Taɓo ya ce ai wannan jan mutum ne ta gashin baki, gashin zai taho, mutumin yana nan tsaye. Sai suka yanko farantin ƙarfe mai kauri, suka huda, suka ɗaure shi da manyan notina a jikin shasi, wato ƙashin bayan motar, sannan aka ɗora injin a kai. Ya ja wayoyi biyu masu kaurin babban yatsana zuwa batir, ya kauce da su daga duk inda ke zafi ko kaifi, ya sa makunnin da zai yanke wuta in ba a aiki. Da aka gama ya warware igiyar ya ɗaura a bishiyar ƙarshen layinmu, ya zaunar da ni in ɗan taka birki, injin yana jan motar a hankali, kowane zagaye na kwanciya kusa da ɗan'uwansa. Ya ce in aka naɗe ta sako-sako, ranar aiki za ta cije kanta.

Dokokinsa kuwa sun fi na asibiti. Ba a taɓa igiya sai da safar hannu. Ba a tsallake ta. In ta yi tsauri kowa ya ja nesa, kuma ko gobara ce ta tashi kada a yi masa magana sai ya sassauta. Sannan dole a yafa wani abu mai nauyi a tsakiyarta, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, kada ta yi bulala ta sare mutum. A nan rigima ta tashi, don ya shiga ɗakin Innarki ya ɗauko bargon Yayanki. Ta ce ya ajiye, ja'iri, mai shi zai zo ya tambaya. Ya ce to kafin mai shi ya tuna da hanya, bari bargon dai ya yi wa gidan nan wani amfani. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba. Daga baya ta ƙyale, amma duk ranar da ya dawo sai ta lalubo bargon ta kakkaɓe masa taɓo.

Kin tuna babban ramin nan da masu fasa dutse suka bari a kwanar hanyar gari, wanda ruwa ya cika? Bana masu lambu sun dasa injuna suna ta zuƙa, har ruwan ya ja baya yadda ba a taɓa gani ba. A makon jiya ɗayansu ya zo da safe ya ce sun ga rufin wata mota, ko Sarkin Taɓo zai jawo musu a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Muka tafi muna raha, yana tsokanata wai in kifi ne a ciki rabona kai.

Wani mai lambu da ya iya ruwa ya nutse ya ɗaura maɗauri a ƙarfen baya. Da aka fara ja, maimakon waccan ta taho, tamu ce ta soma zamewa wajen ruwa. Ya tsaya, ya ɗaure bayan motarsa a wata ƙatuwar bishiya, ya ratsa igiyar ta cikin wata 'yar taya ta ƙarfe ya dawo da ita, ya ce yanzu ƙarfin ya ninka. Ya yafa bargon, ya kore mu gefe, ya bar injin mota na aiki, ya danna rimot ɗin wincin. 'Yata, da igiyar nan ta miƙe sai ta fara wani siririn kuka, wallahi kamar fito. Ruwan ya yi ta tafasa da baƙar laka, shi kuma yana ja yana hutar da injin in ya yi zafi, har bayan motar ya ɓullo, ruwa na zuba ta ko'ina. Laka ta zame daga kan lambar. Daga inda nake tsaye na karanta harafi ɗaya, na karanta na biyu, ban bukaci sauran ba.

Ban taɓa jin nauyin shiru irin na ranar ba. Ga ɗana yana fitowa, ga ɗansa riƙe da rimot, idonsa a kan igiya, bai san wa yake ja ba. In na yi ihu ya firgita ya saki, ko ya ruga wajen igiyar da ke ɗauke da wannan nauyi, sai in rasa biyu a rami ɗaya. Na cusa bakin rigata a baki na cije. Sai da ƙafafun motar huɗu suka hau busasshiyar ƙasa, aka sa duwatsu a bayansu, igiya ta kwanta, sannan na zauna daɓas a ƙasa. Ya rugo yana cewa tsoho lafiya, ko rana ce. Na ce masa ya je ya gai da ubansa.

Aka kira hukuma suka zo suka yi nasu aikin. Yayanki yana nan a kujerarsa, abin da ya rage nasa. Direbobin da suka taru suka ce ba mai faɗawa ta wannan gefen kwanar sai wanda ya fito daga gari ya nufo gida. Amma ba maganarsu ce ta gama zancen ba. A bayan kujera, cikin laka, aka zaro wani ƙaramin baho na roba, shuɗi, irin na wankan jarirai, da ɗan kofinsa ɗaure a jiki. Ƙarfe ya ci tsatsa, kujera ta ruɓe, roba kuwa ko tsagewa ba ta yi ba. Abin da ya kai shi gari ke nan. Yaron ya ɗauki bahon ya duba shi. Sannan ya je ya ɗauke bargon daga kan igiya, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa, ya ce a sa masa Baba a nan. A ciki muka kawo shi gida.

Innarki ba ta yi kururuwa ba. Ta shafa bargon, ta ce ai ta faɗa mana zai zo ya tambaya. Mun yi masa sutura, mun kai shi makwancinsa, mutanen da suka gan shi a tashoshi duk suna cikin sahu. Washegari ta wanke bahon tas, ta ajiye a tsakar gida, ta kira Sarkin Taɓo ta ce maigida tuɓe ka shiga, ga saƙon ubanka ya iso, ko da ya makara sai na yi maka wankan. Ƙaton nan ya yi dariya har ya durƙusa, daga nan dariyar ta juye, ya kifa kansa a cinyarta. Na tashi na ba su wuri.

Masu zuwa gaisuwa suna tarar da ni ina murmushi, na san wasu na cewa tsohon ya fara ruɗewa. Ba ruɗewa ba ce, murna ce, irin wadda ban san inda zan ajiye ta ba. Sai dai tana zuwa da abokiyar tafiya. Sau nawa na wuce kwanar nan ina leƙen lambobin motocin mutane, alhali yana nan ƙasa, jifa ɗaya daga titi? Har wanke ƙafa na taɓa yi a bakin ruwan. Innarki ta ce tun ranar ba ta ƙara jin fiton ba, kuma ta ce gidan ya yi mata shiru da yawa. Ni kuwa duk sanda yaron ya gwada wincinsa igiyar ta yi kukan nan, sai na waiga bakin ƙofa.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina godiya da riƙon da yake miki. Ki gai da babbar amaryata, da mai sunana, da autarku da ban taɓa ɗauka ba. Innarki na gaishe ki, haka ma mahaifiyar yaron, wadda ta zo daga gidan mijinta ta kwana biyu tare da mu, ta ce in gaya miki yanzu ta iya ɗaga kai.

Motar tana nan a tsakar gida, kusa da ta ɗansa. Masu tsohon ƙarfe sun zo na ce ko noti ɗaya ba za a kwance ba sai kin gani. Ki taho da yara duka, ki gaya wa kawunanki da gwaggonninki, da duk wanda ya taɓa jin an ce Yayanki ya gudu. Ƙofa a buɗe take. Ku zo ku ga motar, ku ga bahon, ku ga inda ya nufa.

Ni ne mahaifinki, mai yi muku addu'a kullum.