Tsagar da Ke Kumatun Maryamu

Litinin, 6 ga Afrilu, 1551
Na dawo daga Karrara, inda ake haƙar dutse, da marmarar da na sayo. Nardo mai fasa dutse ya buga ta da guduma kamar yadda aka saba, ya ce, "Saurara, Maigida Baldo. Lafiyayya ce?" Dutse mai lafiya amon ƙararrawa yake yi, mai tsaga a ciki kuwa muryarsa a dushe take. Ban ji komai ba. Na ce lafiyayya ce. Maryamu zan sassaƙa, a kafa ta a kan kabarina a cocin unguwarmu. Daga ita na ajiye guduma.

Lahadi, 3 ga Mayu
A coci a baya na zauna, gun da na saba. Bakin Fada dai yana ta motsi.

Alhamis, 16 ga Yuli
Fuska ta fito. Tsaga ma ta fito, siririya kamar gashi, daga kunne zuwa haɓa. Da zanen bango ne, da na kankare na sake shafe. Dutse ba ya mayar da abin da aka cire masa.

Juma'a, 17 ga Yuli
Fada Anselmo ya zo. Wai a cike tsagar da kakin zuma da garin marmara, kowa haka yake yi. Ni da na ƙare rayuwata ina kiran masu kaki maƙaryata! Na ce mutane za a rufa wa ido, Allah fa? Ya ba ni amsa doguwa. Ban kama ko rabi ba, na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Talata, 21 ga Yuli
Na ɗauko babbar guduma in farfasa ta. Yaya Lisabetta ta shigo da burodi da wake, ta tsaya tsakanina da dutsen. Ba ta yi mini ihu ba, kusa da kunnena ta matso.
"Kai dai ba ka ji, tun bara na sani. Kaji ma sun sani."
Na ce aikin ya lalace.
"Macen da ta binne ɗanta kake so fuskarta ta zama sumul kamar ƙwai? Dube ni nan."
Na duba. Tun da annoba ta ɗauke ɗanta Piyero ban kalle ta sosai ba. Kunya ta kama ni, da haushi.

Laraba, 22 ga Yuli
Ban taɓa komai ba. Na ci waken.

Lahadi, 4 ga Oktoba
An kafa ta jiya. Babu kaki. Gefen tsagar kawai na goge don kada ta ci gaba, wannan aiki ne, ba wai na bi maganar kowa ba. Yaya ta daɗe a gabanta, ta fito tana cewa hancin ya yi tsawo.
Yau a sahun gaba na zauna, dab da Fada. Baya akwai iska ne kawai.
Na ji "Amin".