Takalmin Hagu da Ya Faɗa Binuwai

Zuwa ga Modibbo, shugaban kwas ɗin koyon rubutun littattafai da aka yi wa malamai a Yola.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan barandarka. Ni ne Malam Yakubu, mai koyar da Hausa a Dubeli, Jimeta. In sunan bai faɗo maka ba, ni ne Malam Hawaye na cikin littafin da ɗan lelenka Malam Hammadu ya rubuta, wanda ka yi wa gabatarwa ka kira shi madubin zamani. Na zo ofishinka an ce kana taro, na koma an ce ka tafi Maiduguri. To, ga maganar a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ka san yadda kwas ɗin nan ya kasu. Masu digiri daga jami'a suna baranda tare da kai, ana shan shayi, wannan ya karanta shafi wancan ya ce ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka sami mulkin kai. Mu malaman ƙauye muna gindin mangwaro muna korar ƙuda. Ban yi ƙorafi ba, koyo na je yi.

Na biyu. Kai da bakinka ka ce marubuci ba ya ɓoye ciwonsa, kowa ya tashi ya faɗi ranar da ta fi masa ɗaci a duniya, ka kuma rantse maganar ba za ta fita ɗakin ba. 'Yan baranda suka ba da labarin faɗuwa jarrabawa da ɓatan akwati a tasha. Ni wawa na ɗauka da gaske kake. Na faɗi yadda matata Saratu ta rasu a kan naƙuda cikin kwalekwale, muna tsallaka Binuwai daga ƙauyenmu za mu asibiti, kanta a cinyata. Na faɗi yadda na taka har gida da takalmi ɗaya ban sani ba, na hagun ya faɗa ruwa, sai da 'yata Ladi, tana ƙarama a lokacin, ta tambaye ni ina ɗayan. Na yi kuka a gabanku. Malam Hammadu ne ma ya miƙo mini hankici, Allah sarkin haƙuri!

Na uku. Littafin ya fito, an ce wai zambo ne ga masu ƙulle-ƙulle da cin naman juna a ajin marubuta. Madalla. Amma 'yan baranda duk an sauya musu suna da gari da hula, ko iyayensu mata ba za su gane su ba, shi kuwa marubucin ya fito salihi mai kallo daga gefe. Sai ni kaɗai aka bari tsirara: ga kekena, ga Dubeli, ga tabon goshina. Malam Hawaye yana birgima a aji yana kukan takalminsa, matar kuwa sai da aka tuna masa. Ko ƙafar ba a sauya ba, ta hagun ce dai. Wannan ne ƙwarewar da kuka yi ta shan shayi a kai? Mutumin da ba zai iya ƙago ko takalmi ba, shi ne marubucin jiha?

Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na haɗiye. Masu shago a Dubeli sun yi tsokanarsu sun gaji, kuma ba da mugunta ba, ba su san da gawa a ciki ba. Ku kun sani.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka yi ta zirga-zirga har littafin ya shiga jerin karatun makarantun Jihar Arewa maso Gabas. Ya iso makarantarmu, kuma ni ne mai koyar da shi. Ladi tana ajin, a bencin gaba take zama. Ba ta tuna fuskar uwarta sosai, amma tana tuna takalmin, don ita ta yi tambayar. Mun fara karatu, yara suna ta dariya, ita ma tana yi, ba mu kai babin takalmin ba tukuna.

Ba na neman a ba ni haƙuri, na ga yadda rantsuwarku take. Roƙona, a cire babin nan daga abin da za a karanta a makarantu. In kuwa ka ce adabi ba a taɓa shi, kamar yadda ka saba faɗa kana kaɗa cokali a kofi, to mako mai zuwa za mu kai wurin. Ka zo Dubeli kai da Malam Hammadu, zan ba ku kujera har da shayi. Ni zan koma gindin bishiya inda kuka saba ajiye ni. Ɗayanku ya tsaya gaban yarinyar nan ya karanta mata, ya kuma nuna mata inda ake dariya.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare iyalinka daga shiga littafin almajiranka.

Wassalam.

Malam Yakubu, uban Ladi,
Dubeli, Jimeta.