Da bakina na goyi bayan dokar da za ta rufe filin jirginmu

Torunn, mai ba da shawara a jarida, don Allah ki agaza mini. Na rasa wanda zan kai wa kukana a tsibirinmu, don kowa ya riga ya san abin da na yi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina share ƙanƙara a titin saukar jirgi na ɗan filinmu. Kullum kafin jirgin safe ya sauka sai na auna santsin titin, in cika takardu uku masu tambayar abu ɗaya, in aika wa hukuma. Na tsani takardun nan, har abokan aiki sun raɗa mini Sarkin Mita. A hunturun da ya wuce kamfanin da nake wa aiki, mai riƙe da filayen jirgin yankinmu, ya turo wata mata da kyamara. Ta ce akwai ƙudirin doka a majalisa da zai rage hannun gwamnati a kan filayen jirgi, mene ne ra'ayina. Ni da na daɗe ina neman mai saurarena, sai na saki baki, na ce a sakar mana mara mu yi aikinmu. Suka yi ta nuna ni a talabijin, da jar rigar aiki da ƙanƙara a gemu.

Ban karanta ƙudirin ba. Malamar makarantarmu ce ta karanta mana wani sashe a taron gari: kamfani zai iya rufe duk filin da ba ya kawo riba, ba sai da izinin gwamnati ba. Jirginmu kuwa rabinsa wayam yake zuwa. Ina zaune a layi na biyu, babu ko mutum ɗaya da ya waigo ya dube ni.

Matata Oddny sau uku a mako take zuwa wankin ƙoda a asibitin birni. A jirgin sama minti ashirin da biyar ne. A jirgin ruwa awa huɗu, in teku ta tashi kuma sai ya kwana biyu bai motsa ba. In aka rufe filin, zamanta a gidan da aka haife ta ya ƙare.

Kin san halinmu, ba ma faɗa. Maƙwabcina Halvard shekara ashirin in ya dawo daga kamun kifi sai ya rataya mana wasu a hannun ƙofa. Tun ranar taron bai sake ba. Yana gaishe ni, yana tambayar jikin Oddny, shi ke nan. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ita ma Oddny ba ta ce mini uffan ba. Shekaranjiya na shigo na tarar tana auna teburin cin abincin mahaifiyarta, na san tana duba ko zai shiga ɗakin haya ne a birni. Na juya na fita kamar na manta wani abu a mota. Abinci ba ya shiga, aikin ma yi kawai nake. In na fito na janye maganata, kamfani na iya sallamata, saura shekara biyu in yi ritaya. In na yi shiru kuma, ban san da wane ido zan dubi matata ba. Yaya zan yi?

Mai Share Ƙanƙara

Ɗan'uwana Mai Share Ƙanƙara,

Bari in fara sauke maka rabin kayan. Ba ƙarya ka yi ba, takardu uku a kan tambaya ɗaya ɓata lokaci ne, kuma gemunka ba shi zai zartar da doka ba. Amma ka ara wa mutane fuskarka ba ka tambayi me za su sayar da ita ba. Maƙwabtanka suna da hujjar jin ciwo.

Ƙudirin bai zama doka ba tukuna. Ka fara ganin ƙungiyarku ta ma'aikata, su faɗa maka iyakar abin da za ka iya furtawa ba tare da ka rasa aikinka ba. Sannan ka rubuta wa kwamitin majalisa da sunanka: a rage takardu, amma a bar rufe fili a hannun gwamnati. A taro na gaba ka miƙe ka ce ba ka karanta ba. Zai yi ɗaci, amma minti biyu ne. Halvard kuma ka je gidansa da ƙafarka, kada ka jira shi. Ku tambayi asibiti ko Oddny za ta iya yin wankin a gida, ba kowane majinyaci yake dacewa da shi ba, amma a tambaya.

Ba zan yaudare ka ba, kana iya yin duk wannan dokar ta wuce, a rufe filin.

Shi ya sa abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba majalisa ba ce. Ka faɗa mini abin da kamfani zai yi, da abin da maƙwabci ya daina yi, amma babu kalma ɗaya ta Oddny, don ba ka tambaye ta ba. Jikinta ne, gidanta ne, kuma ita kaɗai take shirin barinsa, don ba ta son ƙara maka kunya. Yau ka zauna ka ce mata ka yi kuskure, ka tambaye ta inda take so ta yi sauran kwanakinta. Ko amsar ba ta yi maka daɗi ba, kada ka tashi ka fita.

Allah Ya ba ta sauƙi, kai kuma Ya ƙarfafa maka zuciya.

Torunn